Darussa Kyauta a Intanet

A watan Maris na shekarar 2022, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar da dandalin karatu mai suna Nigeria Learning Passport, da haɗin gwiwar UNICEF da kamfanin Microsoft. Ba za ku biya ko sisin kwabo ba wajen yin rajista. Waya ko kwamfuta kawai kuke bukata, sai intanet.

Akwai darussa cikin Turanci, Hausa, Igbo da Yarbanci. Ku nemi darasin lissafi na 'yan firamare da aka gabatar da Hausa. Tun da kun riga kun san lissafin, hankalinku zai koma kan harshen, ku ji yadda ake amfani da kalmomi kamar tarawa, ɗebewa da rabawa.