Kunya da Tsoron Idon Jama'a: Yadda Mutum Yake Gina Yarda da Kansa

Gabatarwa

A cikin laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya gabatar a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, ya jera halaye goma waɗanda Bahaushe yake auna mutum da su. Kunya tana cikinsu, tare da gaskiya da amana da haƙuri da ladabi. Babu mai jayayya da wannan. Sai dai akwai wani hali dabam da yake fakewa a bayan kunya yana amsa sunanta, watau tsoron idon jama'a. Maƙasudin wannan lacca shi ne a rarrabe tsakanin halayen biyu, sa'an nan a nuna hanyar da ake bi a rabu da na biyun ba tare da an zubar da na farkon ba.

Bambancin kunya da tsoro

Kunya ita ce take hana mutum aikata abin assha. Ita ce take sa yaro ya durƙusa in zai gai da babba, suruki ya kama kansa a gaban surukansa, uwa ta ƙi ambaton sunan ɗanta na fari. Hankalin mai kunya yana kan girman wanda yake gabansa. Shi kuwa mai tsoron ido, hankalinsa duk yana kan kansa: yadda muryarsa take rawa, da tsufan rigarsa, da abin da za a faɗa in ya yi kuskure.

Asarar da wannan tsoro yake jawowa ba kaɗan ba ce. Ɗalibi ya taso daga Gwadangaji ya shiga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ya san amsar tambaya sarai, amma ya yi shiru don kada a yi wa Turancinsa dariya. Manomin shinkafa ya je ofis neman haƙƙinsa, ya dawo bai faɗi abin da ya kai shi ba. Mace ta zauna gaban likita ta ɓoye ainihin ciwonta, a ba ta maganin wani ciwon. Duk waɗannan akan ce kunya ce ta hana su. Alhali kuwa malaman hadisi sun ruwaito cewa Nana A'isha ta yabi matan Madina domin kunya ba ta hana su tambaya a kan addininsu ba.

Idon da ake tsoro

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, jama'a ba su damu da mutum kamar yadda yake zato ba. A 2000 Thomas Gilovich da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a Jami'ar Cornell. Sun sa ɗalibai riga mai hoton wani mawaƙi wadda suke jin nauyin sawa, suka tura su cikin ɗaki mai mutane. Ɗaliban sun zaci kusan rabin mutanen sun lura da hoton, amma waɗanda suka lura ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Dalili kuwa shi ne, kowa yana fama da tunanin tasa rigar.

Hanyoyin gina yarda da kai

A 1977 masanin halayyar ɗan Adam, Albert Bandura, ya bayyana cewa imanin mutum da iyawarsa yana fitowa ne daga tushe huɗu: nasarar da ya taɓa samu da hannunsa, da ganin irinsa ya yi nasara, da ƙarfafawar wanda ya yarda da shi, da yadda yake fassara halin jikinsa. Na farkon ya fi sauran ƙarfi.

Kabawa sun san haka tun da daɗewa. Wanda ya halarci bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, zai ga dubban masunta sun faɗa kogin Matan Fada da gora da koma, ba shakka ba fargaba. Babu ɗayansu da aka haifa da wannan ƙarfin zuciya. Yaron masunta yakan fara daga bakin gaɓa inda ƙafarsa take taɓa ƙasa, ya rungumi gora, yana kallon yayyensa, babansa yana kusa. Ya sha ruwa sau da yawa kafin ya kai tsakiyar kogi. Tushen nan huɗu duk sun haɗu a nan. Matsoraci ba ya zama gwani, amma kuma gwanin ma da tsoro ya fara.

Haka al'amarin magana a gaban mutane yake. Mai son ya iya, sai ya fara da ƙaramin wuri: tambaya ɗaya a aji, ko bayani gaban abokai uku, kafin taron unguwa. Ya shirya abin da zai faɗa, domin yawancin rawar murya daga rashin shiri take. In zuciyarsa ta buga, ya sani jiki ne yake shirin aiki, kuma gogaggun masu wa'azi ma sukan ji haka. Sa'an nan ya mai da hankalinsa kan buƙatar mai sauraro, ya ƙyale tunanin kamanninsa.

Nauyin iyaye da malamai

Ƙarfafawa aikin manya ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis daga cikin matan ƙauyuka, ta ba kowacce malfa, ta ɗora mata koyar da 'yan'uwanta mata a ƙarƙashin tsarin 'Yan Taru. Malfar nan shaida ce a bainar jama'a cewa wannan mata ta isa ta yi magana a saurara, kuma ba ta rage mata kunya ko kaɗan ba. Malamin da yake yi wa ɗalibi ba'a don ya yi kuskure, da uban da yake tsawata wa ɗa duk lokacin da ya buɗe baki, akasin wannan suke yi.

Kammalawa

Ke nan, ba a buƙatar yaro ya zama fitsararre kafin ya yarda da kansa. Ma'aunin mai sauƙi ne: in abin da mutum yake jin nauyinsa mummuna ne, to kunya ce, ya riƙe ta. In kuwa ilimi ne ko haƙƙi ko lafiya yake bari saboda idon mutane, to tsoro ne, kuma maganinsa shi ne gwaji kaɗan-kaɗan, tun daga bakin gaɓa.