Harajin da Ba Ya Sallama

Dattawan Zakirai da suka haura shekara sittin ba su manta da zamanin haraji ba. Da an kammala girbin gero da gyaɗa, sai umarni ya taso daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, a bi gida-gida ana kiran sunan duk namijin da ya isa biya. Wanda ya biya a miƙa masa rasit, ya naɗe ya adana kamar laya. Wanda ba shi da hali ya sayar da akuya, ko ya yi sammako ya tafi cin rani. Bafulatani kuma ga jangali a kan shanunsa. Harajin nan da jangalin ne Gwamnan Kano Muhammadu Abubakar Rimi ya soke a 1979, bayan Malam Aminu Kano da mabiyansa sun daɗe suna kuka a kai tun zamanin jam'iyyar NEPU.

Tun daga nan talaka ya ɗauka shi da haraji sun raba gari. Ina! A Janairun 1994 aka fara karɓar harajin sayen kayayyaki, wanda aka fi sani da VAT, a kan kashi 5 cikin ɗari. A Fabrairun 2020 ya koma kashi 7.5. Shi wannan ba ya sallama, ba ya aiko mai unguwa. Manomin da ya sayi kwanon rufi wanda farashinsa na asali naira 100,000 ne, ya ɗora wa gwamnati naira 7,500 a kai ba tare da ya sani ba. Haka yake biya a siminti, a katin waya, a batirin rediyo.

To, akwai masu ra'ayin cewa a soke harajin kuɗin shiga gaba ɗaya, wato wanda ake yanka a albashi da ribar kasuwanci, a bar na saye kaɗai. A Amurka tun 1999 ake kai wani ƙudiri mai suna FairTax gaban majalisa, wanda zai sa dala 23 cikin kowace dala 100 da aka kashe ta zama ta gwamnati, amma har yau bai zama doka ba. Saudiyya ba ta yankan haraji a albashi. Ta shigo da VAT a 2018 a kan kashi 5, ta mayar da shi kashi 15 a 2020. Sai dai ita tana da rijiyoyin mai da take jingina da su.

Hujjar masu wannan ra'ayi ba ta banza ba ce. Attajiri na iya ɓoye ribarsa, amma ba zai ɓoye motar da ya saya ba. A ƙasar da yawancin jama'a ba su da takardar albashi, bin mai saye ya fi sauƙi a kan bin mai samu. Kuma wanda ya yi tattali ya ajiye, ba a taɓa ajiyarsa.

Matsalar tana nan wajen ajiyar. Wa ke da abin ajiyewa? Magidanci a ƙaramar hukumar Gabasawa, mai 'yar gonar gado da aka yi ta rabawa har ta zama kamar tabarma, duk abin da ya shigo hannunsa kafin wata ya mutu ya tafi. Ke nan kusan duk samunsa ya bi ta bakin haraji. Mai samun miliyoyi kuwa kaɗan yake kashewa, sauran na kwance a banki. Kuma idan aka soke harajin albashi da na kamfanoni, dole a ɗaga na saye ya yi tsada sosai kafin a cike gurbin. Gudun gara ke nan a tarar da zago. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana: a 2005 gwamnatin Tandja Mamadou ta ɗora VAT na kashi 19 a kan fulawa, madara, sukari, ruwa da wuta. Aka rufe kasuwanni a Yamai, Maraɗi da Damagaram, sai da gwamnati ta janye mafi yawansa.

Akwai kuma batun wanda ke riƙe da asusu. Harajin albashi jiha ce ke karɓar abinta. VAT kuwa Abuja ake tarawa sannan a raba. Rigimar rabon nan ce ta sa gwamnonin Arewa suka yi tirjiya a Kaduna a Oktoban 2024 kan ƙudirorin harajin Shugaba Tinubu. Dokar da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta bar VAT a kashi 7.5, ba ta ɗora shi a kan abinci na yau da kullum, magani da karatu ba, ta kuma yafe haraji a kan naira 800,000 ta farko da mutum ya samu a shekara. Wato ta riƙe harajin biyu, ta sassauta wa na ƙasa.

Wannan ma'auni ba baƙo ba ne a wurinmu. Zakka tana da nisabi: sai amfanin gona ya kai wani adadi sannan a fitar da dami ɗaya cikin goma. Harajin saye ba shi da nisabi. Sabulun maraya da na attajiri kuɗinsu ɗaya.

Don haka, ɗan'uwa mai karatu, duk ranar da ɗan siyasa ya zo dandalin Zakirai da albishirin zai soke wani haraji, kada ka yi saurin tafi. Tambaye shi: da wanne za a maye gurbinsa, kuma daga aljihun wa zai fito?