Robar Ɗaurin Kaya Da Rodin Gini

Duk wanda ya tashi a Zangon Wagadugu ya san robar ɗaurin kaya, wadda ake yankowa daga tsohuwar robar cikin taya. Garin nan garin kekuna ne da babura, kuma da ita ake ɗaure buhun masara, da jarkar ruwa, har da akuya. In sabuwa ce, ka ja ta ta miƙe, ka sake ta ta koma yadda take. Bayan 'yan watanni a rana sai ta saki jiki, sai an ƙara mata zagaye biyu kafin ta riƙe kaya. Mu malamai da ita mukan fara wa yara darasi, amma darasin nan ya fi shafar iyayensu, musamman masu shirin gini.

Kalmomi biyu ne tushen maganar. Ta farko ita ce abin da littattafan 'ya'yanmu na Faransanci ke kira contrainte, mu kuma mu ce matsi: ƙarfin da ke jan abu, a raba shi da faɗin bakin abin inda aka yanke shi. A rataya jarka mai lita 20 a jikin roba mai faɗin yatsu biyu, a rataya wata irinta a jikin mai faɗin yatsa ɗaya. Nauyi ɗaya ne, amma matsin da siririyar ke sha ninki biyu ne. Ta biyu ita ce déformation, watau miƙewa: tsawon da ya ƙaru, a gwada shi da tsawon asali. Robar mita ɗaya da ta zama mita ɗaya da rabi ta miƙe da rabin tsawonta ke nan.

A shekarar 1678 wani masani ɗan Ingila, Robert Hooke, ya bayyana cewa naɗaɗɗen ƙarfe yana miƙewa daidai gwargwadon ƙarfin da aka ja shi da shi. In kilo 1 ya miƙar da shi santimita 1, to kilo 2 zai miƙar da shi santimita 2. A kan wannan ƙa'ida aka ƙera sikelin rataya na mahauta da masu sayar da hatsi. Sai dai ƙa'idar tana da iyaka. Idan aka rataya wa sikeli abin da ya wuce awon da aka rubuta a jikinsa, ƙarfen ciki ya kan wuce iyakar komawarsa, ya zauna a miƙe. Daga ranar nan allura ba ta komawa kan sifiri, mai saye yana biyan kuɗin naman da bai karɓa ba, shi kuwa mahauci wataƙila bai ma sani ba. Amma rashin sani ba ya sauke haƙƙi, kowa kuma ya san gargaɗin addini a kan tauye awo. Gwajin ba wuya: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ban da nauyin abin da aka zuba ta.

To, sai mu zo kan gini. Tun da shirin ZACA ya rushe Zangouettin a 2003, mutanenmu suka koma filayen da aka yanka a gefen Ouaga 2000 da Nioko, gidan ƙasa ya ba wa gidan siminti wuri. Yanzu wanda Allah ya hore wa yana son ɗora bene. Kankare yana da ƙarfi sosai in danne shi ake yi, amma in ja ne, da ƙyar yake ɗaukar kashi ɗaya cikin goma na wancan ƙarfin. Rufin kankare kuwa, da nauyi ya hau shi ya kan ɗan lanƙwasa, samansa ya matsu, ƙasansa ya jawu. Shi ya sa ake shimfiɗa rodi ta ƙasa, don ya ɗauki jan da kankare ba ya iyawa.

Rodi ma yana miƙewa kamar roba, ido ne ba ya gani. Irin wanda magina ke kira FeE400 yana ɗaukar wajen kilo 40 a kan kowace milimita murabba'i kafin ya kai iyakarsa, kuma a lokacin nan rodi mai tsawon mita ɗaya milimita 2 kacal ya ƙara. Roba tana gargaɗi, kana ganinta tana sirancewa. Ƙarfen da ke binne cikin kankare ba ya yi, sai dai a ga tsaga a rufi.

Ga lissafin da muke so mai karatu ya riƙe. Bakin rodi mai lamba 12 faɗinsa milimita murabba'i 113 ne, don haka yana ɗaukar wajen tan 4 da rabi. Na lamba 10 faɗinsa 78 da rabi ne, tan 3 da ɗan abu yake ɗauka. Bambancin milimita 2 a ido ba komai ba ne, amma ya tafi da kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin. Wanda aka sayar wa ramammen rodi da sunan 12, ko maginin da ya sa 10 a gurbin 12 don rage wa maigida kuɗi, abin da suka zubar ke nan. Haka kuma rodin da aka ciro daga rusasshen gini aka miƙe shi da guduma: duk inda ya taɓa lanƙwashewa ya riga ya wuce iyakarsa sau ɗaya, miƙewar ta zama ta biyu, nan ne kuma yake saurin tsagewa. A ganinmu ya yi wa shinge ko rumfa, amma ban da rufin da yara za su kwana a ƙarƙashinsa.

Ba a manta da ranar 31 ga Agusta 2021 ba, da wani ginin da ake kan yi a jami'ar Koudougou ya rufta, mutum huɗu suka rasu. Allah ya jiƙan su. Gini kan faɗi ta hanyoyi da dama: ƙarancin siminti, raunin tushe, cire katakon tallafi kafin kankare ya ƙosa. Rodi ɗaya ne daga ciki, amma shi ne maigida zai iya bincikawa da kansa tun a shago.

Mai babban gini yana iya kai samfuri ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa, LNBTP, inda na'ura ke jan ƙarfe har ya tsinke, akwai kuma hukumar ABNORM mai kula da ma'aunai da ingancin kaya. Mai ɗaki biyu kuwa sikeli ya ishe shi, muddin ya fara gwada shi da ruwa. Cikakken rodi mai tsawon mita 12, in lamba 12 ne, nauyinsa wajen kilo 10 da giram 700 ne. Lamba 10 kilo 7 da giram 400, lamba 8 kuma kilo 4 da giram 700. A naɗe ake kawo shi, don haka mutum biyu sun isa su ɗora guda ɗaya a kan ƙugiya kafin a biya kuɗi.