Dalilin Da Ke Sa Kwamfuta Yin Barci Da Kanta Idan An Haɗa Ta Da UPS: Bayani Ga Ma'aikata Da Masu Shaguna A Rigasa

Ana jan hankalin ma'aikatan ƙananan hukumomi, da malaman asibitocin matakin farko, da masu shagunan buga takardu, musamman na yankin Rigasa da ke Ƙaramar Hukumar Igabi, a kan wata matsala da ta zama ruwan dare a wuraren aiki. Ana tsaka da aiki sai fuskar kwamfuta ta yi baƙi ta shiga barci, alhali ga wuta a soket, kuma babu wanda ya taɓa ta. Wasu kan ɗauka cutar kwamfuta ce, har su kai ta wajen mai gyara a goge duk abin da ke ciki, a yi asarar kuɗi da muhimman takardu. Mutanen da suka biya kuɗin mota daga ƙauye domin a cike musu takarda kuwa sai a ce su dawo gobe. Sau da yawa lafiyar kwamfutar ƙalau, matsalar tana tsakaninta ne da akwatin ajiyar wuta da aka fi sani da UPS.

Shi wannan akwati batir ne a cikinsa, kuma aikinsa shi ne ya riƙe kwamfuta na 'yan mintoci idan an ɗauke wuta, domin a samu damar adana aiki a kashe ta cikin natsuwa. Ƙananan da aka fi gani a ofisoshi, masu ƙarfin 650VA, galibi batir ɗaya ne a cikinsu mai bolt 12. Baya ga wayar wuta, wasunsu suna zuwa da wata ƙaramar waya ta USB wadda akwatin ke aika wa kwamfuta rahoto ta cikinta. Da zarar an jona wannan waya, manhajar Windows takan ɗauki kwamfutar tebur tamkar ta tafi-da-gidanka, har alamar batir ta bayyana kusa da agogo. Daga nan sai ta riƙa bin ƙa'idoji iri biyu, na lokacin da akwai wuta da na lokacin da ake kan batir. A ƙa'ida ta biyu, takan yi barci bayan ɗan lokaci idan ba a taɓa ta ba, idan kuma aka sanar da ita cewa cajin ya sauka zuwa kashi 5 cikin 100, sai ta adana abin da ake yi ta kwanta nan take. Ke nan umarni take bi.

To me zai sa akwatin ya ce ana kan batir bayan ga ƙwan lantarki a kunne? Ma'aunin wutar gida a Nijeriya bolt 230 ne. Idan ƙarfinta ya sauka ƙasa da iyakar da aka tsara wa akwatin, sai ya koma kan batir ko da fanka tana juyawa. Rigasa yanki ne mai cunkoson jama'a, gidaje da shaguna kuma sun ƙaru tun bayan buɗe tashar jirgin ƙasa ta Abuja zuwa Kaduna a shekarar 2016. A duk inda gidaje suka yi wa taransifoma ɗaya yawa, wuta takan yi rauni da yamma da kuma lokacin zafi. Haka zalika ƙaramin janareta, wanda ƙararsa ke hawa da sauka, yakan ba da wutar da ba ta tsaya daidai ba, har wasu akwatunan su ƙi karɓarta, su yi ta cin batir ana zaton caji suke yi.

Dalili na biyu shi ne tsufan batir, kuma shi ne aka fi yin sakaci da shi. An ƙiyasta wa irin wannan batir shekara 3 zuwa 5 ne a yanayin da zafi bai wuce digiri 25 ba, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yakan rage rabin kwanansa. A watannin Maris da Afirilu zafin Kaduna kan haura digiri 35, ga shi an saba cusa akwatin a ƙarƙashin tebur inda iska ba ta shiga. Batirin da ya gaji yakan nuna a cike yake, amma da wuta ta ɗan ƙifta sai ya faɗi ƙasa cikin daƙiƙoƙi, kwamfuta kuma ta kwanta.

Hanyar gane gaskiyar lamarin ba ta buƙatar ko kwabo. A cire ƙaramar wayar USB ɗin kawai, a bar wayar wuta a inda take, a yi aiki na yini ɗaya ko biyu. Idan barcin ya daina, an gano inda matsalar take. Wanda ya ɗan ƙware zai iya buɗe Event Viewer ya duba rahoton Kernel-Power mai lamba 42, inda ake rubuta dalilin kowane barci, da mai lamba 105 da ke nuna lokacin da aka sauya daga wuta zuwa batir. Domin gwada batirin kuwa, a bar shi ya yi caji sosai, a adana duk wani aiki, sannan a kashe soket ɗin bango. Akwatin da bai riƙe kwamfuta ko na minti biyu ba, batirinsa ya ƙare.

Sai dai cire wayar gwaji ne kawai, bai kamata a mai da shi magani ba, ko da yake masu gyara da dama a nan suke tsayawa. Kwamfutar da ba ta samun rahoto za ta mutu ne farat ɗaya ranar da batir ya ƙare, wannan kuwa ya fi barci illa, domin yana iya lalata rajistar da aka shafe watanni ana tarawa. Abin da ya dace shi ne a sauya batir da sabo mai girma iri ɗaya, sannan a shiga Control Panel, sashen Power Options, a tsawaita lokacin barci na ɓangaren batir, amma a bar umarnin adana aiki na kashi 5 yadda yake. Inda wuta ke yawan rauni, a sa sitabilaiza tsakanin bango da akwatin. Idan an zuba manhajar kamfanin da ya ƙera shi, kamar PowerChute ta kamfanin APC, a duba nata ƙa'idojin su ma.

Bugu da ƙari, ana gargaɗin ma'aikata da su daina jona injin hoton takarda, ko firinta mai amfani da garin tawada, ko butar dafa shayi a jikin akwatin, domin suna jan wutar da ta fi ƙarfinsa. Tsohon batir kuma yana ɗauke da dalma da ruwan asid, saboda haka kada a jefa shi a bola ko a bar yara su fasa shi, a mayar wa masu sayar da batir. Ana kuma shawartar shugabannin sassa da su sa a riƙa rubuta ranar da aka saka sabon batir a jikin kowane akwati, a kuma gwada shi kafin shigowar bazara.