Auna Nauyin da ke Kan Mai Jinyar Tsoho

 

Ya ƴan uwa Musulmi, aya ta 70 ta Suratun Nahli ta ambaci wanda tsufa ke kai shi inda yake manta abin da ya sani. Wannan shi muke kira gigin tsufa, likitoci kuwa sun tabbatar cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Wanda hankalinsa ya gushe, azumi ya faɗi a kansa. Amma mai jinyarsa tana azumi, kuma a gidajenmu galibi mace guda ce, ɗiya ko matar ɗa. Ita ke wanke shi, ta ciyar da shi, ta kwana tana gadin ƙofa kada ya fita ya ɓace, sannan ta tashi dafa abincin sahur. Wata rana ma ya ce ta sace masa kuɗi.

In muka ce mata sannu da jinya, sai ta ce alhamdu lillahi. Kunya ba za ta bari ta ƙara ba, ga tsoron a ce ta gaji da iyaye. Shi ya sa gaisuwa ba ta auna komai.

A shekarar 1980, wani masani a Amurka, Steven Zarit, da abokan aikinsa suka tsara ma'aunin wannan nauyi. Wanda aka fi aiki da shi yana da tambayoyi 22, kowace amsa makinta daga 0 zuwa 4, jimla 88, kuma yawan maki shi ne yawan nauyi. Ana tambayar mai jinya ko tana samun lokacin kanta, ko lafiyarta ta taɓu, ko kuɗin jinya na isa, ko fushi na kama ta, ko tana jin ba za ta iya ci gaba ba. Tambayar fushi ita ta fi wuyar amsawa, domin mai tsoron Allah tana ganin amsar kamar saɓon iyaye ce. Alhali gajiya ba saɓo ba ce. Abin da aka hana shi ne a huce ta a kan tsoho.

Ba sai da takarda za mu yi waɗannan tambayoyi ba. Babban wa ya keɓe da ƙanwarsa bayan buɗe baki, ya tambaye ta kwana nawa rabonta da cikakken barci. In amsar ta yi nauyi, a raba kwanakin jinya tsakanin ƴaƴa maza da mata. Wanda ke ci-rani a Agadas ko Kano ya aiko da kuɗin da za a ɗauki mai taimaka mata.