Shirin Musamman: Dokar Teku da Mai Son Shiga Harkar Jiragen Ruwa

Dokar teku ita ce jerin ƙa'idojin da ke hukunta jirgin ruwa, da kayan da ya ɗauko, da mutanen da ke aiki a cikinsa. Fakuwa da sauran garuruwan Kankia da Kusada suna da nisan gaske da bakin teku, amma takin zamani da babura da injinan ban ruwa da ake saye a kasuwanninsu, da yawansu ta ruwa suka shigo ƙasar. Tun da aka buɗe tashar kan tudu ta Dala a Kano a 2023, da ta Funtuwa a 2024, wannan doka ta matso kusa da ɗan kasuwar Katsina.

Tushen farko shi ne iyakar ruwa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓar teku cikakken iko a kan mil 12 na ruwa daga gaɓarta, da haƙƙin kifi da man fetur har zuwa mil 200. Bayan nan sai tekun kowa da kowa, inda jirgi ke bin dokar ƙasar da ya yi rajista kuma yake ɗauke da tutarta. Yarjejeniyar ta kuma ba ƙasashen da ba su da teku, irin su Nijar, haƙƙin ratsawa da kayansu ta ƙasar maƙwabta.

Na biyu shi ne tsaron rai da haƙƙin ma'aikaci. Nutsewar jirgin Titanic a 1912 ita ta haifar da yarjejeniyar SOLAS, wadda ake aiki da sabon tsarinta na 1974. Yarjejeniyar MARPOL ta hana gurɓata teku da mai da shara, STCW ta 1978 ta tsara horon da dole matuƙi ya samu, yarjejeniyar ƙwadago ta 2006 kuwa ta tanadi albashi da hutu da kuɗin komawa gida. A Najeriya hukumar NIMASA ke kula da waɗannan, makarantar Oron da ke Jihar Akwa Ibom kuma tana horar da ma'aikatan jirgi. Dokar 2003 ta keɓe jigila tsakanin tashoshin cikin gida ga jiragen 'yan ƙasa, sai dai idan gwamnati ta ba da rangwame.

Ga mai shigo da kaya, babu abin da ya kai takardar lodi muhimmanci. Aiki uku take yi: rasit ce ta kayan da jirgi ya karɓa, shaida ce ta yarjejeniyar jigila, kuma ita ce hujjar mallaka. Wanda ke riƙe da asalinta shi ake miƙa wa kwantena. Idan kaya suka iso a lalace, ƙa'idojin Hambug, waɗanda Najeriya ta mayar doka a 2005, sun buƙaci a sanar da kamfanin jirgi a rubuce zuwa washegarin ranar aiki idan ɓarnar a fili take, ko cikin kwana 15 idan a ɓoye take. Ƙara kuwa dole a shigar da ita cikin shekara 2. Kwantenar da ta wuce kwanakin kyauta tana tara kuɗin jinkiri kullum, ko da laifin ejan mai fitar da kaya ne.

Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar raba asara. Idan kyaftin ya zubar da wasu kaya a ruwa ko ya kashe kuɗi don ceton jirgi, duk masu kaya za su yi karo-karo, har da wanda nasa suka tsira. An yi amfani da ita lokacin da jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez a 2021. Mai inshora kamfaninsa ke tsaya masa. Marar inshora sai ya ajiye kuɗi kafin a sakar masa kaya.

Shari'ar teku a Najeriya ta Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai, kuma tana da ikon tsare jirgi har a biya bashi. Ƙorafin caje-caje kuwa Majalisar Masu Jigilar Kaya ta Najeriya, wadda aka kafa a 1978, ake kai wa.

Don haka, masu sauraro, duk mai niyyar shiga wannan harka ya karanta takardar lodi kafin ya biya kuɗi, ya yi inshora, ya kuma tabbatar ejan ɗinsa na da lasisin kwastan.