Burtsatse Ba Ya Mayar da Sakkwato Jos

Abin ya zama ruwan dare a sababbin unguwannin Kano, Katsina da Sakkwato. Mutum ya gama gini, sai ya kira mai fulawa a shimfiɗa masa ciyawa irin ta filin ƙwallo, a jera furannin da aka ɗauko daga Jos. Kafin bazara ta wuce duk sun ƙone. Maigida ya ɗora wa yaron ban ruwa laifi, ya sake zuba kuɗi a sayo wasu.

Hujjar kullum ɗaya ce: "Ai ina da burtsatse." Wannan tunani shi ne tushen asarar. Jos tana kan tsauni mai tsayin kusan mita 1,200, ga sanyi, ga ruwan sama fiye da milimita 1,200 a shekara. Sakkwato kuwa da ƙyar take samun rabin haka, zafinta a Afrilu yakan haura maki 40. A irin wannan rana, tsiro mai faffaɗan ganye yana zubar da ruwan jikinsa fiye da yadda saiwarsa za ta iya janyo masa, ko da ƙasar a jiƙe take. Ga shi tun da hunturu busasshiyar iska ta riga ta galabaitar da shi. Sannan ruwan wasu rijiyoyin yana da gishiri, kullum aka zuba ya bushe sai ya bar shi a ƙasa, har wurin ya daina karɓar shuka. Abin takaici, a unguwar da maƙwabta ke bin 'yan garuwa ake wannan almubazzaranci.

Akwai kuma raini, wai tsiron gida na ƙauye ne.

Alhali kariyar nan mai jan fure da ke fitowa a dajin Sahel, ita ce ake rainonta a tukwane ana sayarwa a Tailan da Turai. A yankin Maraɗi, tun shekarun 1980 manoma suka koma kula da tohon kututturan gawo da sauran itatuwan gida, aikin da wani mai suna Tony Rinaudo ya yaɗa, har aka farfaɗo da kusan kadada miliyan 5 a Nijar ba tare da dashe ko ban ruwa ba.

Mai son inuwa ya nemi darbejiya ko tsamiya, amma ya nesanta su da katanga da shadda saboda saiwa. Mai son shinge ya dasa lalle ko aguwa. Zogale yana girma da sauri, ga miya. Magarya, kurna, aduwa da dabino duk sun san fari. Don ado, kariya ta wadatar, sai dai ruwan jikinta dafi ne, a kiyaye yara da awaki. Itacen turare kuwa mashayin ruwa ne, ƙaramin gida bai dace da shi ba.

A yi dashe bayan damina ta kankama, a haƙa rami mai zurfi, a cakuɗa ƙasar da takin gargajiya da ya ruɓe. A rufe gindin da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa. Ban ruwa da sassafe ko da yamma, a ƙosar da shi sosai jefi-jefi domin saiwa ta nutsa ƙasa. Tulun da aka binne kusa da gindi yana tsatsafo da ruwa a hankali.

Kafin a biya mai fulawa, a tambaye shi ko tsiron ya taɓa cin bazara a garin. In ya yi inda-inda, a bar masa kayansa.